Kwarmin Gwaggo

A rediyo ta ji. Da a ce wani ne ya kawo mata maganar, da sai ta ce gulma ce, ta raka shi bakin ƙofa da tsintsiya. To amma muryarsa ce da kanta ta fito daga 'yar rediyon da ke rataye a ƙusa saman injin juya katako, muryar yaron da ta goya, ta yi wa wanka, ta yi wa aure.

Gwaggo tana tsaye a lokacin da magagari a hannu, tana fitar da fuska a jikin wani alƙalami. Kowa a layin Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Sana'arta alƙaluma ce, ba irin biron robar nan da ake takawa a hanya ba. Na katako take yi, masu shan tawada, masu murfin da ake murɗawa. Kuma nata ba mulmulallu ba ne. Fuska takwas take yi wa kowanne, sannan ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya ta ƙwaƙule su kaɗan, su yi kwarmi, yadda yatsa zai samu wurin kwanciya.

Mai shirin ya ce, "To Injiniya, wannan kwarmi da ya sa alƙalumanka suka yi suna, wa ya koya maka?"

"Gaskiya babu," in ji muryar. "Ni na zauna na yi tunani. Wata rana ina kallon ginshiƙan wani tsohon gini, sai abin ya faɗo min a rai."

"Babu mai sana'ar a gidanku ke nan?"

Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci. "Akwai dai wata gwaggona da take ɗan taɓa sassaƙa, irin ta tsofaffi, don kada zama ya ishe ta. Nakan leƙa ta in ɗan nuna mata abubuwa."

Magagarin ya zame, ya cinye kaifin da ke tsakanin fuska biyu. Rabon da Gwaggo ta ɓata alƙalami har ta manta.

Aka ƙwanƙwasa bangon katakon da ya raba shagonta da na mai gyaran agogo. Tsoho ne mai tsokana, sun daɗe suna maƙwabtaka, kuma tasha ɗaya suke saurare.

"Gwaggo! Ashe makaranta kike zuwa ba ki gaya mana ba? Malamin naki yana duka?"

"Mai Agogo, ka ji da agogunanka da ba sa tafiya tare."

Ya zagayo ya tsaya a ƙofa da gilashin aikinsa a goshi, yana shirin ƙara wata. Da ya ga fuskarta sai ya haɗiye. Ya ce, "Yaro ne, bakinsa ya fi shi gudu."

"Yaro mai 'ya'ya biyu?" Ta kashe rediyon. "Ginshiƙi! Ka ji fa, wai ginshiƙi."

Abin da ya sa kalmar ta tsaya mata a wuya shi ne, kwarmin nan yana da tushe, kuma yaron ya san tushen. Mijinta kafinta ne, ƙafafun kujeru yake juyawa a wannan injin. Da ciwo ya shanye masa ɓarin dama, hannun ya dawo amma ƙarfinsa bai dawo ba. Shi kuwa mutum ne da ko ba abin yi sai ya zauna yana zana kujeru a takarda. Alƙalami ya riƙa suɓuce masa, ya gangara tebur ya faɗi, ita kuma ta riƙa sunkuyawa tana ɗauko masa har bayanta ya fara ƙara. Ran nan ta ɗauki magagarinsa ta yi wa alƙalamin fuskoki don ya daina gangara. Ya daina, amma bai daina zamewa daga yatsu ba. Sai ta jiƙa sandar sabulu ta yi laushi, ta sa masa a hannu ta ce ya riƙe kamar zai yi rubutu. Inda yatsunsa suka lotsa, nan ta auna. Ta juya wani ɗan itace daidai kaurin yatsan nasa, ta naɗe shi da samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako, da shi ta ƙwaƙule fuskokin. Har Allah ya karɓi abinsa da wannan alƙalami yake zane. Kowane kwarmi da ya fita daga shagon nan tun daga ranar, zurfin yatsan mutumin nan ne.

Yaron kuwa ɗan yayanta ne. Yana ƙarami aka kawo mata shi bayan rasuwar ubansa, ya taso a cikin ɓawon katako har 'yan layi suna ce masa Na-Gwaggo. Ita ta kama hannunsa a kan magagari. Ita ta juya masa nasa ɗan itacen, ranar da ya buɗe shagonsa a babban titi, ta ba shi da hannu biyu. Can ne ya zama Injiniya, shi da ko ƙofar makarantar injiniyoyi bai taɓa dafawa ba. Wannan bai dame ta ba. Kowa da abin da yake so a kira shi. Amma ginshiƙi?

Ko rigar aiki ba ta cire ba ta hau mota ta tafi.

Shagon nasa gilashi ne gaba ɗaya, da fitilu ko da rana tsaka. Ta same shi yana nuna wa wasu baƙi alƙaluma. Da ya hango ta da ƙurar katako a kafaɗa, sai ya yi sauri ya tare ta, ya ja ta ɗakin baya.

"Gwaggo, ai da kin kira ni na zo. Zauna, bari a kawo shayi."

"Na sha a gida. Zuwa na yi in ga ginshiƙin. A ina yake? Ka kai ni in gaishe shi, tunda shi ya yi maka tarbiyya."

Ya sosa ƙeya yana murmushi. "Haba Gwaggo. Harkar kasuwa ce fa. Mutane labari suke saye, ba katako ba. Saurayi ya tashi da kansa, ya ƙirƙiro abu, wannan shi ke shiga kunne. In na ce tsohuwa ce ta auna da sabulu, dariya za a yi mana."

"A yi. Ka koma gidan rediyon ka faɗi gaskiya."

"In koma in ce ƙarya na yi? Ana gobe-jibi za a yi baje kolin masu sana'ar hannu? Alƙalai za su zo, 'yan jarida za su zo. So kike ki kashe ni?"

"Kai ka sake kashe kawunka, mijina, yana kabari, ba ka ji komai ba."

Nan fuskarsa ta ɗan canja, amma ba ta daɗe ba. Ya dafa kafaɗarta kamar mai lallashin yarinya. "Gwaggo, ni da ke duk ɗaya ne. In na ɗaukaka ke ce kika ɗaukaka. Ki bar maganar nan, ki je ki huta. Ai kin yi naki zamanin."

Ta dubi hannun da ke kafaɗarta har sai da ya janye shi. Ta ce, "Da bakinka za ka faɗa. A gaban mutane, kamar yadda ka faɗi waccan."

"To Gwaggo, Allah ya kai mu," ya ce, yana leƙen baƙinsa ta ƙofa.

Ta fito. Ba ta yi kuka ba, Gwaggo ba mai kuka ba ce. Ita in abu ya ɓata mata rai aiki take yi, sai dai aikin ya riƙa fita da kaifi. A kwanakin nan Mai Agogo ya ce ko gaisuwarta yanka take yi. Ta saƙa wannan ta kwance, ta saƙa wancan ta kwance. Ta je gidan rediyon da kanta? Wa zai saurari tsohuwa mai ƙorafi? Cewa za a yi hassada ce. Ta tsaya a ƙofar shagonsa ta tara masa jama'a? Cewa za a yi ta fara ruɗewa, shi kuma ya fito ya rungume ta a gaban mutane, a ce kai, yaron nan akwai haƙuri. A'a. Ba ta son a ji daga bakinta. Daga nasa take so.

Tana cikin wannan, ana gobe baje koli, da hantsi, sai ga Amarya. Matar yaron ce. Har ta haihu biyu sunan bai sake ta ba. Yarinya ce mai sanyin hali, kuma tun da aka kawo ta take ƙaunar Gwaggo, ko ciwon kai ta yi nan take zuwa ta kwanta a benci. Ta shigo da goyo, idonta ya faɗa don gajiya.

"Gwaggo, taimako na zo nema, amma don Allah kada ya ji."

"Me ya faru, 'yar nan?"

"Alƙaluman da zai kai gobe. Ya ce in shafa musu kaki in goge, shi yana can zauren yana kafa rumfa, ba zai dawo da wuri ba. Na gwada ɗaya, kakin ya taru a cikin kwarmin ya yi fari. Ga wannan ba ya barina in sauke shi. Na san ranki a ɓace yake, ni ma na yi masa magana. Amma in kayan suka fita ba kyau, a kaina zai sauke."

Gwaggo ta ajiye magagari. Ta ce, "Mu je."

Akwatin yana kan teburin falo, dogo ne mai shimfiɗar karan-miski, kowane alƙalami kwance a raminsa, layi-layi. Duk daga baƙin katako ya yi su, baƙi ƙirin, ba zane ba tabo, kai ka ce uwa ɗaya ta haife su rana ɗaya. Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta juya shi a haske. Aikin ya yi kyau. Kaifin nan takwas sun taso tun daga kan murfi sun miƙe har gindi, ba ka ganin inda murfi ya ƙare jiki ya fara. Hannunta ne sak.

To, ga yadda ake samun wannan miƙewar, don a nan maganar take. Haƙoran murɗi ake fara yankawa, na murfi da na jiki. Sai a murɗa murfin ya zauna daram. A rufen nan ake fitar da fuskokin, magagari ya bi murfi da jiki tafiya ɗaya. Saboda haka kowane murfi da jikinsa. Murfin wani zai hau, zai murɗu, amma inda zai tsaya daban, sai ka ga kaifin ya zo tsakiya ya karye, na sama ya kalli gabas na ƙasa ya kalli wani wuri. Shi ya sa doka ɗaya ce a shagon Gwaggo wadda yaron ya sha rankwashi a kanta: ba a buɗe alƙalami biyu a lokaci guda. Ka buɗe, ka gama, ka rufe, sannan ka taɓa wani. Da yake ba a karya dokar, ba a taɓa damuwa da sa musu alama a ciki ba. Ita ba ta sa, shi ma bai koyi sawa ba.

Ta goge su tsaf. Wannan kam ba ta yi ha'inci ba. Ta naɗa tsumma a yatsa ta bi kowane kwarmi har suka riƙa ɗaukar ido. Amarya ta kawo mata ruwa, ta zauna tana hamma.

"Je ki kwantar da shi ki ɗan runtsa," in ji Gwaggo. "Na kusa."

"Allah ya bar mana ke, Gwaggo."

Ƙofar ɗaki ta rufu. Gwaggo ta zauna ita da akwati. Ta tuna hannun nan a kafaɗarta. Kin yi naki zamanin. Ta sa hannun dama ta ɗauki na farko, ta sa na hagu ta ɗauki na kusa da shi, kuma a karo na farko tun da ta fara sana'a ta buɗe alƙalami biyu a lokaci guda. Ta ba wannan murfin wancan, ta ba wancan na wannan. Ta mayar da su raminsu. Ta ɗauki biyu na gaba. Haka ta bi akwatin, maƙwabci da maƙwabci, har ƙarshe. Ɗaya ko biyu sun yi sa'a karyewar ba ta fito sosai ba, sauran kuwa kamar an taka su.

Ta lulluɓe su da jan ƙyallen da ya tanada, ta rufe akwatin. Ta san halin ɗanta. Ba zai buɗe ba sai alƙalai sun tsaya a gabansa, don ya yaye ƙyallen a ce kai!

Washegari ta yi wanka ta ɗauko kayan da take zuwa biki da su. Mai Agogo ya gan ta tana kulle shago.

"Ina zuwa haka, kamar za a ɗaura miki aure?"

"Kallo zan je."

"Kin haƙura ke nan. Madalla."

"Ka zo mu je, ka ga haƙuri."

Bai je ba, yana da aiki. Daga baya ya ce wannan ne babban kuskuren da ya yi a shekarar.

Zauren ya cika. Masu saƙa, masu tukwane, masu jakunkuna, kowa da rumfarsa. Ta Injiniya ta fi kowacce haske, da hotonsa babba ya riƙe haɓa yana tunani. Amarya tana gefe da goyonta. Gwaggo ta samu kujera a inda za ta ga komai, ta ɗora jakarta a cinya.

Alƙalai suka iso, su uku. Babbarsu wata mata ce doguwa mai furfura da tabarau a wuya. Bayansu mai gabatarwa ne da makirfo, da masu ɗaukar hoto. Injiniya ya yi jawabi, ya sake kawo ginshiƙin nan, har ya ƙara masa tsawo. Sannan ya buɗe akwati, ya kama gefen ƙyalle, ya fizge.

Aka yi tafi, don daga nesa sheƙi kawai ake gani.

Matar ta sa tabarau ta ɗauki ɗaya. Ta juya shi. Ta bi kaifin da farce tun daga sama, farcen ya zo tsakiya ya tuntsure. Ta ajiye ta ɗauki wani. Haka. Ta ɗauki na uku.

"Malam, da gangan ka yi su haka? Murfin bai hau layi da jikin ba."

"Bai murɗu ba ne, ranki ya daɗe." Ya karɓa yana dariya, ya murɗa. Bai motsa ba. Ya ƙara ƙarfi. Dariyar ta fara bushewa. Ya ƙara, sai aka ji ƙas! Bakin murfin ya tsage.

Daga kujerarta Gwaggo ta ga gumi ya tsatso masa a goshi. Wani abu mai daɗi ya sauka a ƙirjinta kamar ruwan sanyi. Ta gyara zama.

Ya gane abin da ya faru, ai ɗan sana'a ne. Abin da bai sani ba shi ne wane murfi ne na wa. Maimakon ya tsaya ya yi tunani, sai ya rikice. Ya buɗe wannan, ya buɗe wancan, ya ɗauko na can ƙarshe ya gwada a na farko. Kafin ka ce me, layin farko duk yana buɗe, murafe sun baje a kan tebur baƙi ƙirin, wani na gangarawa yana tarewa. Masu hoto sai ɗauka suke. Wani daga baya ya ce, "Injiniya, ko a kira makanike?" Aka fashe da dariya.

Sai ya juya kan matarsa.

"Ke! Me kika yi min? Ban ce miki ɗaya-ɗaya ba? Sau nawa na faɗa miki? Gogewa kawai na sa ki, ita ma ba ki iya ba? Wace irin mace ce ke!"

Makirfon yana kusa, zauren duka ya ji. Yaron da ke bayanta ya farka ya tsala kuka. Amarya ba ta ce ba ita ba ce. Ta dai ɗago kai ta nemi Gwaggo a cikin jama'a, ta same ta, ta tsaya tana kallonta da idon da ya cika da ruwa.

Gwaggo ta ga kallon. Ya kamata a ce nan take ta miƙe. Ba ta miƙe ba. Ta bari ya ƙara buɗe wasu biyu, ta bari matar nan mai tabarau ta fara juyawa za ta wuce rumfa ta gaba. Sannan ta tashi, a hankali, ta ratsa mutane.

"Ka bar 'yar mutane. Ko taɓa su ba ta yi ba."

Ya dube ta. Ya dubi akwatin. Ya sake dubanta. Bakinsa ya buɗe.

"Gwaggo... ke?"

"Ka sauke hannunka daga kayan nan kafin ka ƙarasa su. Waɗanda ba ka taɓa ba, zan iya mayar da su yanzu, kafin baiwar Allahn nan ta kai rumfa ta gaba."

"To ki mayar! Don Allah ki mayar!"

"Akwai maganar da ka manta ba ka faɗa ba a jawabinka."

Ya matso, ya rage murya, haƙoransa a haɗe. "A nan? A gaban mutane za ki yi min haka? Ni ne fa."

"Na san kai ne. Da wani ne da ban sha wahalar zuwa ba." Ta juya ga mai gabatarwa. "Ɗana, ara masa abin maganar nan."

Mai gabatarwa, da ya ga abin ya fi jawabi daɗi, ya miƙa da sauri. Alƙalai suka dawo. Zauren ya yi tsit, sai kukan yaro.

Injiniya ya riƙe makirfo kamar an ba shi garwashi. Ya kalli murafen da ke baje, ya kalli layukan da suka rage.

"Wannan gwaggona ce. Ita ta rene ni. Ita ta koya min sana'a." Ya tsaya.

"Kwarmin," in ji Gwaggo.

"Kwarmin nata ne. Ita ta ƙirƙiro shi, saboda mijinta da hannunsa ya shanye. Babu wani ginshiƙi." Sai muryarsa ta tashi, ta fashe. "Kuma ita ce ta shiga gidana jiya ta hargitsa min kaya! Ku gan ta nan! Uwar da ta rene ni!"

Zauren ya ɗauki guna-guni. Wata ta ce, "Kai, tsohuwar nan ba ta da imani." Wani ya ce, "Shi ya ja." Gwaggo ko gezau.

"Ta biyun gaskiya ce, ni na yi," ta ce. "Amma maimaita ta farkon. Na baya ba su ji ba, yaro na kuka."

Ya maimaita. Wannan karon bai kalli kowa ba.

Ta ajiye jakarta, ta naɗe hannun riga. Ta ɗauki biyu, ta buɗe, ta musanya, ta murɗa. Kaifin ya miƙe daga sama har ƙasa kamar an ja zare. Ta ɗauki biyu na gaba. Da ya ga murfin kowanne ashe yana kan na kusa da shi, ya rufe ido ya dafa tebur. Matar mai tabarau ta matso tana kallon hannun Gwaggo, ta ɗauki ɗaya da aka gyara, ta riƙe shi kamar za ta yi rubutu, ta daɗe ba ta ajiye ba.

"Wannan layin fa?" ta tambaya, tana nuna murafen da ke baje.

"Wannan shi ya yi da hannunsa. Sai ya zauna ya gwada su ɗaya-ɗaya, zai kai shi kwanaki. Wanda ya tsage kuwa ya tafi."

Bai ci gasar ba. Wata mai saƙar kwanduna ce ta ci. Ya tattara kayansa tun kafin a tashi, ya wuce ta gaban Gwaggo da akwati a ka, bai ko kalli inda take ba. Wannan ta san za a yi, ta shirya masa.

Wanda ba ta shirya wa ba Amarya ce. A bakin ƙofar zaure ta tsaya, tana jijjiga goyo.

"Gwaggo, ni na buɗe miki ƙofa."

"Na sani, 'yar nan."

"Har addu'a na yi miki. Kina zaune kina kallo yana zagina."

Gwaggo ta miƙa hannu za ta gyara wa yaron hula. Amarya ta ɗan juya kafaɗa, hannun ya tsaya a iska. Ta bi mijinta zuwa mota.

Gwaggo ta taka zuwa tasha ita kaɗai. Takalmin bikin nan yana cizonta. Ta samu wuri a bayan mota ta zauna, ta sa ido a taga. Ta jira daɗin nan na ɗazu ya dawo. Yana nan, bai tafi ba, sai dai ya ɗan sha ruwa.

Wata mata mai jakar malaman makaranta da ke kusa da ita ta yi ta satar kallonta. Can ta kasa haƙuri.

"Mama, ki yi haƙuri. Ba ke ce ta zauren nan ba? Mai kwarmin?"

Gwaggo ta juyo. Ta gyara ɗaurin kanta.

"Ni ce," ta ce, da ƙarfin da har direba sai da ya waiwayo.